Ziyarar Dangi a Dogon Hutu: Ikara, Maƙarfi da Kudan

Dogon hutun makaranta a ƙasarmu yakan faɗo ne daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba. A ƙasashen Turai, inda muka samo wannan tsari, lokacin nan shi ne na ɗumi da hasken rana, mutane su kulle gidajensu su tafi bakin teku shan iska. Mu kuwa a nan Arewa tsakiyar damina ke nan, lokacin marka, sa'ad da manomi ba shi da hutu ko na yini guda. Saboda haka ɗalibin da ya ce zai tafi ƙauye ya huta wurin danginsa, to, ya sani hutunsa ya faɗa kan aikin waɗansu. Abin da nake so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kai ke nan, ta hanyar wata tafiya ta kwana 12 da muka yi ni da wana, muka zaga Ikara da Maƙarfi da Kudan muna gaida 'yan'uwa da abokan arziki.

Bari in fara faɗa wa wanda bai san wuraren ba inda suke. Dukkansu suna arewacin Jihar Kaduna, cikin ƙasar Zazzau, a yankin da ya yi iyaka da Jihar Kano da Jihar Katsina. In ka bar Zariya ka miƙi hanyar Kano, garin Kudan da garin Maƙarfi suna hannunka na hagu, Ikara kuwa tana can ciki ta hannun dama, watau gabas. Kowanne yau ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta. Ta Kudan ita ce auta, domin a 1996 aka cire ta daga Maƙarfi, kuma hedkwatarta ba a garin Kudan take ba, a Hunƙuyi take. Maƙarfi da Kudan wakili ɗaya suke aikawa Majalisar Wakilai ta Tarayya, Ikara kuwa an haɗa ta da Kubau. Amma wannan rabo na takarda ne. Auratayya da cin kasuwa sun ɗinke wuraren tun kafin a san wani abu wai shi ƙaramar hukuma. Gidanmu ma shaida ne: mahaifinmu mutumin ƙasar Ikara ne wanda aiki ya kawo Zariya tun ba a haife mu ba, mahaifiyarmu kuwa daga ƙasar Kudan aka auro ta.

Shirin tafiyar ya fi ɗaukar lokaci a kan tsaraba. Mahaifinmu ya sa aka sayo sabulu da sukari da ganyen shayi da gishiri da goro, da turmin atamfa na Kaka, sa'an nan ya ƙara da 'yan tiyoyin shinkafa, aka kasa kayan gida-gida. Dalilinsa kuwa shi ne, watan Agusta shi ne watan da rumbu ke nuna gindinsa. Hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, na bana bai nuna ba, ɗan kuɗin da ke hannu kuma ya tafi wajen taki da 'yan ƙodago. Baƙon da ya zo da kaka yana cin rarar gida ne, amma wanda ya zo da marka yana cin rabon yaran gida ne, kuma ba mai gaya masa, don kunya ba za ta bari ba. Kaza ɗaya da ta rage a tsakar gida ita za a kama a yanka masa ana dariya. Wanda ya san haka ba ya zuwa hannu rabbana.

Kuɗin mota shi ma abin lissafi ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya ninka, har ma ya wuce. Wannan na cikin abin da ya sa mutane da yawa suka mai da zumunci na waya: a buga a ce ina kwana, yaya yara, shi ke nan. Hausawa dai cewa suka yi zumunta a ƙafa take, kuma za ku ga a gaba akwai abin da waya ba ta iya ɗauka.

Mun bar Zariya da sassafe. Matafiyin damina ya kamata ya yi sammako, domin hadari ya fi haɗowa daga la'asar zuwa dare, ga shi kuma zamanin nan mai hankali ba ya yarda dare ya yi masa a hanya. Babbar hanyar Kano tagwaye ce, an sake gina ta aka buɗe sashen Zariya zuwa Kano a 2023, don haka kafin mu gama gyara zama mun kai Tashar Yari. Nan muka sauka muka jira motar Ikara ta cika. Wannan jira shi ne ainihin tsawon tafiyar ƙauye. Mota ba ta tashi sai ta cika, kuma cikarta a wurin direba daban, a wurin fasinja daban.

Abin da ya fara cika mini ido a hanyar Ikara shi ne masara. Hagu da dama, iyakar ganinka, masara ce ta fi mutum tsawo, ta yi goyo. Sai jefi-jefi ka ga dawa da waken suya da shinkafa a kwari. Na ɗauka haka ƙasar take tun fil azal, sai da Baffa, watau wan mahaifinmu, ya ba mu labari. Ya ce da suna yara masara abar bayan gida ce, a shuka 'yan kunyoyi inda ake zuba shara da toka, a gasa wa yara. Abincin gida dawa ne da gero. Masara ta mamaye gonaki ne daga shekarun 1970, sa'ad da aka kafa ayyukan raya noma da taimakon Bankin Duniya, kamar na Funtuwa da aka fara a 1975, aka kawo ingantaccen iri da takin zamani mai rahusa. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta faro tun 1922 ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ma ta yi aiki ƙwarai wajen fitar da iri masu dacewa da ƙasarmu.

Amfanin masara a fili yake. Tana nuna cikin wata uku zuwa huɗu, tana ba da buhu fiye da dawa, kuma ɗanyarta tana isowa daidai lokacin da yunwar damina ta matsa. Amma tana da sharaɗi: ba ta yi sai da taki. Dawa takan yi haƙuri da talaka, ta ba shi ɗan abin da ya samu ko bai sa mata kome ba. Masara kuwa in ba ka ba ta ba, sai ta yi rawaya ta tsaya tana kallonka. Watau manomin yau ya fi kakansa samun hatsi, amma cikinsa ya rataya a kan farashin buhun taki, wanda ba shi ke yanke shi ba. Mun ga gonaki biyu maƙwabtan juna, ɗaya kore shar har tana baƙi-baƙi, ɗaya ta koɗe. Iri ɗaya, ruwa ɗaya, ƙasa ɗaya. Bambancin aljihu ne kawai.

Kwana huɗu muka yi a gidan Baffa, kuma tun washegari muka bi 'ya'yansa gona. An ba wana garma, ni aka ba ni kwanon taki ina bin gindin masarar da aka shuka a baya ina zubawa. Kafin azahar tafin hannun wana ya yi kanta, yaran gida suna ta yi mana dariya wai 'yan birni. Ba na cewa aikinmu ya rage musu wani abin kirki. Amma baƙon da ya kwanta a zaure yana latsa waya alhali masu gida suna gona, ko ba a faɗa ba, an rubuta masa.

A rana ta uku da yamma Baffa ya ɗauki sandarsa ya ce, "Ku taso, 'ya'yana, in nuna muku abin da ubanku ya aiko ku gani, ko da bai gaya muku ba."

Ya kai mu gonar gado, wadda kakanmu ya bari, wadda har yau ba a raba ba. Ya bi da mu iyakarta ƙafa da ƙafa. Daga wata ɗorawa zuwa wata tsohuwar suri, daga nan a bi layin gamba har bakin rafi, sa'an nan a juyo ta inda aka dasa bini-da-zugu. Ya nuna mana ɓangaren da aka ba wani maƙwabci aro tun shekarun baya, ya ce aro ne, ba kyauta ba, ba kuma jingina ba, ya faɗi dattawan da aka yi a gabansu. Biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Wana ya ce, "Baffa, ba a rubuta ba?"

Ya ce, "An rubuta mana. Ga shi nan a kaina. Shi ya sa nake karanta muku tun ina iya tafiya."

Ya kai mai karatu, a nan ne maganar take. Yawancin gonakin ƙauyukanmu ba su da takarda. Shaidarsu itatuwa ne da ciyawa da tunanin tsofaffi. Itace kuwa ana sare shi, gamba ana nome ta, tsoho yana mutuwa. Ƙasa tana ƙara tsada domin jama'a na ƙaruwa, gona ba ta ƙaruwa. Da yawa daga shari'un da ke gaban masu unguwa da dagatai da kotuna na iyakar gona ne da gado, kuma sau da yawa masu ƙarar 'ya'yan da suka tashi a birni ne, waɗanda ba su taɓa taka gonar ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Da muka koma gida da dare wana ya zana taswirar gonar a bayan littafinsa na lissafi, ya karanta wa Baffa, ya gyara masa wuri biyu.

Ba a maganar Ikara a bar tumatir. A garin akwai masana'antar sarrafa tumatir da aka kafa a 1981, aikin gwamnatin Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kaduna daga 1979 zuwa 1981. Ta yi shekaru da dama a rufe kafin a sake tayar da ita a 2014. Dalilin kafa ta yana nan har gobe. Tumatir ba ya jira. Da rani, in na fadama ya nuna gaba ɗaya, sai kwanduna su cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas, wani lokaci kuɗin kwando bai biya kuɗin ɗaukarsa ba. Manomi ya rasa yadda zai yi, sai ya yanka ya shanya a ƙasa ya yi kauɗa. Wanda aka loda wa manyan motoci zuwa Ikko kuwa, wani kaso nasa a hanya yake ruɓewa. Bayan 'yan watanni kuma sai ka ga tumatirin ya gagari talaka.

Sai kuma annobar 2016, wadda duk manomin da ka taɓa sai ya ba ka labarinta. Wata 'yar ƙaramar tsutsa ce, asalinta daga Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, ta bi ta ƙasashe har ta iso mu. Masana suna kiranta Tuta absoluta, manoma kuwa suka sa mata suna Sharon. Tana shiga cikin ganye ne ta ci ta ciki, don haka maganin feshi ba ya cika samunta. Cikin 'yan kwanaki sai gona ta zama kamar an bi ta da wuta. Abin ya kai har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu na wannan shekara. Ɗan Baffa na fari ya ce a shekarar ce ya sayar da babur ɗinsa ya biya bashin iri da mai.

Daga Ikara muka komo Tashar Yari muka tsallaka zuwa Maƙarfi, gidan wani abokina da muke aji ɗaya, ɗaki ɗaya. Ziyarar aboki ta bambanta da ta dangi. A gidan Baffa muna da haƙƙi, a nan kuwa alfarma ce, saboda haka kwana uku muka yanka wa kanmu, wanda shi ne haƙƙin baƙo a Musulunci. Mun gaida mahaifinsa a zaure muka durƙusa, ya ce, "Yaya kuka baro su Malam? Yaya ruwa wajenku?" Muka ce, "Ruwa ya yi gyara, Baba." Da dare aka kawo mana faten tsaki da rama, abincin da ake yi wa Zazzagawa tsiya a kansa. Masu tsiyar dai ba su sha na Maƙarfi da marka ba.

Maƙarfi gari ne da ya yi suna ta wajen siyasa, don nan ne mahaifar Alhaji Ahmed Mohammed Maƙarfi, gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007. Akwai kuma kwalejin koyon aikin lafiya mai sunan Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020. Amma tun kafin waɗannan, abin da aka san Maƙarfi da shi shi ne rake. Abokina ya kai mu fadamarsu muka shiga cikin rake har ba ma ganin juna, ganyensa yana yankar hannu kamar reza. Rake ba a shuka shi da ƙwaya. Karan ake yankawa gaɓa-gaɓa a kwantar a ƙasa mai laima, kowane ido ya tsiro. Yakan yi kusan shekara a gona, sai damina ta ɗauke ake shiga sara sosai, lokacin da zaƙinsa ya taru. Wanda muka karya a Agusta ruwa ne tsululu, zaƙin kaɗan.

Wani raken ana ɗaure shi dami-dami a kai birane don sha, wani kuma a yi mazarƙwaila da shi. Ba lokacinta muka je ba, amma mun ga wurin aikin, kuma mahaifin abokina ya yi mana bayani dalla-dalla. Akwai injin matsa mai ƙarafa masu juyawa, wanda a da doki ke zagayawa da shi, yanzu kuwa da yawa sun koma na mai. Ana cusa rake ta gefe guda, ruwan ya zuba a mazubi, tukar ta fita ta ɗaya gefen. Tukar nan ba a yar da ita, shanya ta ake yi ta zama makamashi, watau rake shi ke dafa kansa. Sai a zuba ruwan a babban kasko a kan wuta, ana kwashe kumfa da datti, ana juyawa har ya yi kauri ya yi ja. Gwanintar duk tana wajen sanin lokacin saukewa. In an yi gaggawa ba za ta daskare ba, in an yi jinkiri ta ƙone ta yi ɗaci. Daga nan a zuba a ƙananan kwanoni ta sha iska ta sandare.

Sana'ar tana da tarihi a nan kusa. A Gimi, cikin ƙasar Maƙarfi, inda layin dogon da ya isa Kano a 1911 ya ratsa, 'yan mishan na Zariya sun kafa wani zama a zamanin Yaƙin Duniya na Farko, suka shigo da dabarar matsa rake da dafa ruwansa. Ciwon barci ya watsa zaman, amma sana'ar ta zauna, ta bazu a ƙasar Zazzau har ta zama kamar da ita aka halicce mu.

Zuwa ƙasar Kudan a kan babur muka yi, ta hanyoyin ƙauye, mu biyu da jakunkunanmu a bayan 'yan acaɓa biyu. An kwana ana ruwa, don haka sau uku muna sauka mu tuɓe takalma mu tsallake laka. A wani rafi sai da muka jira kusan sa'a guda ruwa ya janye. Wanda ya ga wannan ba zai ƙara tambayar abin da ya sa kayan gona ke da araha a ƙauye da tsada a birni ba.

A gidan su mahaifiyarmu babu zancen kunya ko lissafin kwana. Kaka na ganinmu ta ce, "Lale, lale! Ga mazajena sun zo, amma ko sisin cefane ban gani ba." Muka miƙa atamfa, ta juya ta, ta ce wai mai araha muka zaɓo. Wasan jika da kaka ke nan. 'Ya'yan Kawu kuwa, da yake taubasanmu ne, sun ƙwace hular wana tun a ƙofar gida, sai da ya fanshe ta. Kowace safiya Kawu yakan sa yaro ya raka mu gaisuwa gida-gida, kuma akwai tsari: a fara da mafi tsufa, a shiga gidan da aka yi rasuwa tun bayan zuwan mahaifiyarmu na ƙarshe a yi ta'aziyya, a leƙa masu jego a yi barka, a duba marasa lafiya. In ka tsallake gida ɗaya, labari zai riga ka isa Zariya. Mun shiga gida 23 cikin kwana biyu, kuma kusan kowanne sai an ba mu dafaffiyar gyaɗa ko gasasshiyar masara ko tumu.

Ƙasar Kudan tana da tsofaffin garuruwa irin su Likoro, tana kuma noma rake da tumatir da barkono kamar maƙwabtanta. Amma abin da ya ba ni mamaki shi ne inabi. Ni dai a da na ɗauka inabi sai ƙasashen Larabawa da Turai. Sai ga shi Kawu ya kai mu lambun wani maƙwabcinsa, an kafa ginshiƙai an ja waya a sama kamar rumfa, inabin ya hau ya rufe. Ganye kawai muka tarar, don da rani yake ba da 'ya'ya. Mai lambun ya ce damina ita ce lokacin fargabarsa, saboda laima na jawo wa ganyen cuta, dole a yi ta feshi. In ruwa ya ɗauke sai a yi masa aski, a rage rassan, a riƙa ba shi ruwa, sa'an nan ya yi fure. Aiki ne mai cin jari, kuma ba a shekarar da aka dasa ake fara cin moriyarsa ba. Duk da haka samari da dama sun shiga, har Kudan ta yi suna da shi a Nijeriya.

Ran da za mu tafi Kaka ta tashe mu tun assalatu. Ta riga ta ɗaure kaya: kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa na mahaifiyarmu, ƙwan zabi 15 a cikin gwangwani an zuba dusa don kada su fashe, da zakara ɗaya an ɗaure masa ƙafa. Da muka haɗa da masarar Baffa da curin mazarƙwaila na bara da mahaifiyar abokina ta ba mu, sai kayan komowa suka fi na zuwa nauyi. Wana ya ce, "Kaka, wannan ai ya yi yawa." Ta ce ba shi ta ba, ya rufe mata baki.

Kawu ya raka mu har Hunƙuyi, ya tsaya sai da motar Zariya ta cika. Direba ya ce zakara sai an biya masa rabin kujera, aka yi ta ciniki, daga ƙarshe na rungume shi a cinya har Samaru.